Ba a Ganin Turai a Ruwan Wanki

Wata Talata cikin bazarar bana, ina tsugune gaban baho ina cuɗa safunan 'yan ƙwallo, Asabe ta yi sallama ta shigo da baƙar leda a hannu. Maƙwabciyata ce, 'yar Katsina, suna haya a gidan da ke bayan namu. Mijinta direba ne a wani ofis a Abuja. Ta gaishe ni, ta ajiye ledar a kan turmi, ta zauna zama irin na wanda aka aiko da magana mai nauyi.

Na ce, "Wanki ne?"

Ta ce, "Rigar Mubarak ce, Inna. Ba a wanke ba. Baban shi ya ce a kawo miki ki duba."

Mubarak ɗanta ne, yana ajin ƙarshe a sakandare, shi ke buga wa 'yan ƙwallon makarantarsu gaba. Wani mutum mai kai yara gwaji, irin wanda suke kira ejan, ya gan shi a fili ya ce zai tafi da shi sansani a Legas. Motar kuwa za ta tashi ne a satin da za a fara jarrabawar fita. Ko jarrabawa, ko Legas. Uban ya kasa yanke magana, uwar ta kasa cin abinci, sai suka daidaita a kan cewa duk abin da Inna mai jesi, wato ni mai wankin rigunan ƙwallo, ta gani a jikin rigar, shi za a bi.

Na ce mata ta ba ni zuwa Juma'a. Da ta fita na ɗauki ledar na rataye a ƙusa, ban kwance ba.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare, ina da magana da ku yaran yanzu. Kashi biyu ne ku. Akwai 'yan matan da ke leƙo gidan nan suna cewa, "Inna, ai wannan da inji minti kaɗan ne." Akwai kuma samarin da ke tsayawa bakin fili da waya a hannu, yaro ya yi yanka ɗaya su ɗauka su watsa, su ce an gama, wannan sai Turai. Dukkanku kuna ganin abin da sauƙi. Na haura shekara ashirin ina wanke rigunan 'yan ƙwallon makarantu a Suleja, kuma ina gaya muku, wankin yana da wuya amma ana koyonsa. Ɗayan ne ban ga wanda ya iya ba.

Buhun farko da ya shigo gidan nan ba ni aka kawo wa ba. Maigidana aka kawo wa, Allah ya jiƙansa, domin wanki da guga ce sana'arsa. Koci Yohanna, malamin wasanni, Bagwaren Garam ne, shi ya ɗauko buhun a bayan babur: riguna ruwan ɗorawa, fararen wanduna, safuna masu warin da ya kori kajina daga tsakar gida. Malam, maigidan nawa, yana fama da kayan biki a ranar, na ce bari in taya shi. A ganina wanki wanki ne, tun ina yarinya nake yi. Na juye su duka a ruwa ɗaya, na ɗauko buroshi. Sai ji na yi Malam ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Zanenki ne?"

Daga ranar ya mayar da ni ɗaliba. Shekara guda bai bar ni na taɓa komai ba sai safa. A wurinsa na koyi cewa taɓo ba a jiƙa shi da ɗanyensa, sai an bar shi ya bushe an kakkaɓe, in ba haka ba ya shige zare ya zauna. Riga ana juya ta ciki waje. Buroshi ba ya hawa kan lamba, domin roba ce aka manna, in ka kankare sai takwas ta koma uku, a yi rigima a fili. Ruwan zafi ba ya taɓa jesi, dutsen guga ma haka, narkewa take yi ta manne. Ba a murɗe ta kamar tsumma, ba a shanya ta a tsakar rana. Koren ciyawa a gwiwar wando, sabulun solo da ɗan lemun tsami. Jini, ruwan sanyi da gishiri, kuma da wuri. Farin wando yana son bula, amma ɗan kaɗan, in ta yi yawa yara su fito fili kamar an tsoma su a marina.

Kayan aikina ba su da yawa: baho uku, na riga daban, na wando daban, na safa can nesa, buroshi mai taushi, omo da sabulu, igiya a inuwar mangwaro, allura da zare kala-kala, da keken ɗinkin da Malam ya bar mini. Ruwa kuwa daga 'yan ga-ruwa, ranar da famfo ya yi fushi, wato kusan kullum. Lambobin bayan riga su na fara iya karantawa a duniya, tun kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci in koyi baƙaƙe.

A hankali makarantu suka san ni, kulob-kulob na unguwa suka biyo. Har ya zama ina buɗe buhu na san inda aka buga. Filin Sabon Wuse jar ƙasa ce mai danƙo, sai an jiƙa sau biyu. Na wajen Zuma tsakuwa gare shi, yana cin gwiwar wando ya bar jini. In an je Garam kuwa, yini guda nake ina tsince ƙarangiya daga safa da hannu. To ke mai inji, injinki zai tsince ƙarangiya?

Gaskiya ne riga tana faɗin wasu abubuwa, ba zan musa ba. Gola ana gane shi a gwiwar hannu. Ɗan baya a kwankwaso, inda yake zamewa ya tare mutum. Ɗan gaba a kafaɗa da wuya, saboda ja da ake yi masa. Malalaci ma ana gane shi, bayansa a bushe. Amma ku lura, duk wannan labarin jiya ne. Riga ba ta san gobe ba.

Rigar da na fi ɗinkewa a rayuwata ita ce lamba goma ta wani yaro Bala, wanda gari ke kira Guguwa. Duk sati sai ta dawo a yage, domin ba a iya tsayar da shi sai an kama rigar. In zai buga, masu rake da masu fiya-wata tun azahar suke kama wuri, yara su hau katanga, har 'yan acaɓa su ajiye aiki. Koci Yohanna, mutumin da ba ya yabon kowa, ya taɓa ce mini, "Mama, ki adana rigar nan, wata rana za a zo ɗaukar hotonta." Ni ma da za a tambaye ni a lokacin, da na ce shi ne. Kowa zai ce shi ne.

A cikin buhun nan dai akwai lamba goma sha bakwai, ta wani siririn yaro Ɗanlami. Ita kuma yadda na ninke ta haka take dawowa, sai ɗan datti a mazaunin wando, na benci. Ɗauraya kawai nake yi mata. In ya zo tare da masu ɗaukar buhu nakan tsokane shi, "Ɗanlami, kai kaɗai ne ba ka cin sabuluna." Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Abin da ba mu gani ba shi ne, Guguwa ya riga ya gama girmansa. Yana ɗan sha shida da jikin babban mutum, yana ture yara. Da sa'o'insa suka kamo shi, sai ya zama kamar kowa. Ya je gwaji ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, sannan gwiwa ta tashi. Yau bas yake ja tsakanin Suleja da Abuja, yana da iyali, mutum ne mai mutunci, in na shiga motarsa ba ya bari in taɓa jakata. Ɗanlami kuwa sai bayan ya gama makaranta ya miƙe kamar gora. Aka tura shi Kaduna wurin kawunsa koyon walda. Yana buga wa 'yan gareji da yamma, wata rana ɗan bayansu bai zo ba aka ce ya tsaya a wurin, shi da bai taɓa buga baya ba. A ranar wani ya zo kallon wani yaro daban, ya gan shi. Yanzu a ƙasar waje yake buga ƙwallo, ana nuna shi a gidan kallo.

Da a nan abin ya tsaya, da ban shiga uku ba. Wata Sallah ya zo gida, ya kawo mini turmin atamfa, Allah ya saka masa. Samari suka biyo shi har tsakar gidana da wayoyi a sama. Ya dafa bahona ya ce, "Wannan Innar ita ta fara gano ni. Tun ina benci take cewa rigata daban ce da ta kowa, ba ta datti."

Na ce, "Ɗan nan, ai don ba ka bugawa ne."

Aka kwashe da dariya. Amma wannan maganar tawa ba ta shiga cikin abin da suka watsa ba. Kafin a gama yawon Sallah, gari ya ɗauka: Inna mai jesi tana gane wanda zai yi nisa, kuma alamar ita ce tsabtar riga.

Buhun da aka kawo bayan an koma makaranta, na buɗe na ɗauka kuskure aka yi aka dawo mini da wankakku. Sati na biyu ma haka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, omo ya yi mini auki. Sati na huɗu sai ga Koci Yohanna da kansa, ko hular kwano bai cire ba.

"Mama, me na yi miki?"

"Lafiya, Koci?"

"Ina lafiya? Sabon Wuse sun zo har gida sun yi mana wanka! Difendana ya ga mutum ya taho da ƙwallo, ya matsa masa gefe kamar mai ba Hajiya hanya. Gola kuma a tsaye yake kamar soja, wai ba zai faɗi ba. Na ce me ya same ku? Suka ce Inna tana duba riga!"

Na sa hijabi na bi shi har fili, abin da ban taɓa yi ba. Aka tara mini yaran. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, sai da suka matso. Na ce musu ban san komai ba, ni wanki nake yi. Na ce, "Yaron da ya yi aiki ai dole rigarsa ta yi datti, wannan ko makaho ya sani." Suka ce, "To, Inna." Na koma gida ina ganin na kashe wutar.

Buhun da ya biyo baya mutum biyu ne suka ɗauko shi. Taɓo har cikin riga. Taɓo mai shatin yatsu biyar. 'Yan benci kaf sun faɗi a fili, har da rigar wani yaro da ke kwance gida da zazzaɓi, ita ma ta sha gwagwarmaya. Wani kuma da bai sami taɓon kirki ba, kwata ya samu. Kwana biyu ina wannan wankin, bayana kamar zai tsage. Tun daga lokacin na gane duk abin da na faɗa sai an ɗinka masa hannu da wuya an sa.

Har matar liman ta aiko a kira ni. Ta ce, "Yaya, ana cewa kin fara duba." Na ce mata wallahi abin da nake dubawa shi ne inda ya yage. Ta yarda, amma ta ce in yi hankali. Ina yi. Gaibu na Allah ne, ni ko ruwan da zai sauka gobe ban sani ba, sau nawa yana dukan shanyata.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta korona. Aka rufe makarantu, aka hana taro, buhu ya daina zuwa. Bahona ɗaya ya tsage don zaman banza. Na koma wanke labule da barguna na mutanen unguwa, ina suyar awara a ƙofar gida. Amma ba ni kaɗai ta ci ba. Koci ya ce bai taɓa haɗa yara irin na wannan shekarar ba, akwai uku da yake rantsuwa a kansu. Da aka buɗe, ɗaya ya hau acaɓa ya ɗanɗana kuɗin kansa, bai dawo ba. Ɗaya mahaifinsa ya rasu, ya gaji shago a Madalla. Na ukun ya dawo, amma rigarsa ta daina shigarsa, sai da na ƙara mata ƙyalle a gefe. Wanda ba a lissafa da shi ba, shi ne ya yi ta gudu shi kaɗai da safe a gefen titin Zuma, yau yana wani ƙaramin kulob, wata a biya wata a ce a yi haƙuri. To ku masu waya, wa ya ga korona a wuyan jesi? Wa ya ga mutuwar uba? Yaro yana iya kwana da gudawa ranar gwaji. Ejan yana iya zama mutumin kirki, yana iya zama wanda zai ajiye yara a tasha ya kashe waya. Koci da usur ɗinsa bai sani ba, ejan da tabaransa bai sani ba, balle ni da baho.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zo su uku. Baban Mubarak ya tsaya daga bakin zaure, na ce ya shigo, ai ɗa ne. Asabe ta zauna kusa da ni. Mubarak ya jingina da bango, dogo, yana wasa da ƙafa kamar akwai ƙwallo a ƙasa. Ledar tana nan a ƙusa yadda na rataye ta.

Na ce, "Malam, zan gaya maka gaskiya tsakanina da Allah. Ban sani ba. Ban taɓa sani ba."

Ya yi murmushi ya dubi matarsa. "Kin ji ko? Haka manya suke, ba su faɗa kai tsaye."

Mubarak ya ce, "Abba, ba ta ce a'a ba fa. Ka ji da kunnenka. Inna, ni fa na shirya, ko jakata na haɗa. Jarrabawa ai ana sake ta, wannan cans ɗin ba ya dawowa."

Asabe ta ce, "Rufe mana baki, ana magana da manya."

Nan na ga inda aka sa ni. In na tsaya a kan "ban sani ba", yaron nan zai hau mota da ita. In na ce ba zai yi nisa ba, na yi ƙarya, kuma wa ya sani ko na karya wanda Allah ya nufa da abin. In na ce zai yi, na fi kowa zalunci. Na tashi na sauko da ledar, na kwance, na baza rigar a kan tabarma. Busasshiyar ƙura ce kawai a jikinta, ruwa bai kankama ba tukuna. Na kaɗa ta, ƙurar ta tashi.

Na ce, "Kun gani? Ƙasar bazara ba ta kama riga. Ko inda yaro ya faɗi ba ta nunawa. Jesi ba ta faɗin komai sai da taɓo, taɓon tsakiyar damina."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kowane mai wanki zai shaida. Abin da suka ɗauka daga ciki kuma na san shi, ban gyara musu ba.

Uban ya ce, "Wato sai wajen Agusta."

Na ce, "Ni dai abin da na sani ke nan."

Mubarak ya ɗago daga bango. "Inna, mota ba za ta jira Agusta ba! Abba, don Allah!"

Uban ya miƙe ya gyara hula. "Mun ce abin da ta faɗa shi za a bi. Ka je ka kwance jakar nan, ka nemo littattafanka."

Motar ta tashi da wani yaro daga wata makaranta. Mubarak ya zauna jarrabawa tun daga takardar farko har ta ƙarshe. A tsawon lokacin nan in ya hango ni a lungu sai ya sauya hanya. Asabe kuwa ta aiko mini da dambun nama, na ci, ban ji daɗinsa sosai ba.

Agusta ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata safiya na fito na tarar da mata huɗu a zaure, kowace da leda a cinya, ɗaya tun daga Sabon Wuse. Labari ya zaga cewa Inna ba ta dubawa sai tsakiyar damina. Ina cikin ba su haƙuri sai ga Mubarak, shi kaɗai, ya ratsa su ya shigo tsakar gida. Ya gaishe ni a taƙaice, ya baza rigarsa a kan tabarma da kansa. Ta sha taɓo na gaskiya, ba na shafawa ba.

"Ga damina, Inna."

Na tsuguna na duba, tunda na yi alkawari. Na ce, "Da gefen hagu kake faɗuwa. Ana jan ka a kafaɗar dama, ga ɗinkin ya saki. Kuma kana share gumi da wuyan riga, ka daina, yana lalata ta."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Turai fa?"

"Ba ta cikin nan, Mubarak. Ba ta cikin ta kowa."

Ya dube ni ya ce, "Dama kin san haka tun ranar."

"Na gaya muku tun ranar, ba ku karɓa ba."

"To da na tafi Legas fa? Da na yi?"

Na ce, "Wataƙila da ka yi. Wataƙila ni na tsare maka hanya, wataƙila rami na tsare maka. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani, ka rubuta jarrabawarka, ba mai ƙwace ta."

Bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Ya shafa kai ya ce akwai wani gwaji a Kaduna sati mai zuwa, Abba ya yarda tunda an gama makaranta. "Ki ɗinke mini kafaɗar. Kada ki sa farin zare, yana nunawa."

Na ce, "Ni za ka koya wa zare?"

Ya ɗan yi dariya, ya juya. Ina jin sa a zaure matan nan suka tare shi.

"Samari, me ta ce maka?"

"Ta ce ba ta sani ba."

Sai ta Sabon Wuse ta ce, "Allahu akbar. Ai wannan alama ce mai kyau." Na ji motsin leda, suna gyara zama, kowace tana jiran a kira ta.